Shi Kuma Wa Ya Gaya Masa? Darajar Shakka da Muhawara ga Mai Nazarin Harshe

A hutun da ya gabata, da na koma gida Gure, na zauna wani dare a fadar ƴan unguwarmu, inda aka saba shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon wani tela bayan sallar lisha, a ɗora butar shayi bisa gawayi. Ba a kai ga zuba shayi na biyu ba sai gardama ta kaure a kan kalmar kasuwa. Wani abokinmu Bamange ya ce kalmar tasu ce, Hausawa aro suka yi. Wani kuma ya rantse cewa tun da aka halicci Bahaushe yake cin kasuwa, don haka Barebari ne suka ɗauka daga bakinsa. Da murya ta fara tashi sai aka juyo gare ni, tunda ni ake kira ɗan jami'a mai karatun harsuna, aka ce in raba gardama. Na gyara zama na ce Bamangen ne da gaskiya. Na kuma ƙara da abin da ba a tambaye ni ba, na ce ai ko kalmar boko ma aro ce, daga kalmar Ingilishi ta book aka samo ta. Aka nemi hujja, na ce haka na karanta a littafi. Sai telan, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya ɗago kai daga rigar da yake wa maɓalli ya ce: "To, malam ƙarami, shi kuma mai littafin wa ya gaya masa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ba ni da amsa. Da na dawo makaranta na bi diddigin maganganun nan biyu, sai na tarar ta farko tana da ƙafafun tsayawa, ta biyu kuwa kuskure ce da masana suka daɗe da warwarewa. Abin da ya fi damuna shi ne, a daren nan da murya ɗaya na faɗe su, da tabbaci iri ɗaya, kuma ba ni da hanyar da zan bambance mai kyau da maras kyau, domin dukansu haddacewa na yi, ban taɓa tambayar abin da aka gina su a kai ba. Telan nan bai taɓa zama a ajin kimiyyar harshe ba, amma a wannan zama shi ya yi aikin ɗalibin ilimi, ni kuwa na yi aikin aku.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, tambayar telan nan ita ce babbar dukiyar mai nazarin harshe, kuma duk zauren da ba a iya yin ta a fili, ko aji ne ko fada ko shafin mujalla, yana iya tara jama'a amma ba zai tara ilimi ba. Maganar ta ƙara nauyi a wannan lokaci. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, sauran harsuna tara kuma, har da Kanuri da Tubanci, aka lasafta su a matsayin harsunan da ake magana da su a ƙasar. Kafin wannan, dokar 2001 ta jera harsuna goma ne a sahu ɗaya. Harshen da ya samu irin wannan matsayi dole a rubuta masa littattafan makaranta da ƙamusoshi, a ƙirƙiro masa sababbin kalmomi, a koyar da tarihinsa. Mu da ke zaune a kujerun sashen nan a yau, mu za a kira gobe domin wannan aiki. Kuskuren da aka faɗa a fada iska ke kwashe shi kafin gari ya waye, wanda kuwa ya shiga littafin aji yakan rayu har ya ga jikokin wanda ya rubuta shi.

Kalmomi biyu, hujja biyu

Bari mu koma ga kalmomin nan biyu, domin a cikinsu ake ganin bambancin da ke tsakanin abin da aka ji da abin da aka auna.

Tushen kalmar kasuwa Larabci ne, wato suƙ. Tambayar ita ce, ta wace hanya ta iso bakin Bahaushe? Idan Hausa ta ari suna kai tsaye daga Larabci, sau da yawa takan ɗauko shi da alamar ma'arifarsa, kamar yadda muke gani a alƙalami da albasa da asuba, ko kuma da guntunta, kamar a littafi da lokaci da labari. Babu inda Hausa ke liƙa ka- a goshin kalmar da ta aro. Kanuri kuwa yana da ɗafa-goshin k- da ke bayyana a farkon sunaye masu yawa, kuma a cikinsa ana samun tsohuwar siffa kasugu, wadda ta koma kasuwu a bakin mutanen yau. Ke nan kalmar ta yada zango a Barno, ta sa tufafin can, sannan ta ƙaraso ƙasar Hausa. Joseph Greenberg ne ya shimfiɗa irin wannan hujja a wata maƙala ta 1960, inda ya kawo kalmomi kamar karatu da rubutu da birni, ya nuna tasirin Kanuri a kan Hausa. Haka sunayen sarautu irin su galadima da ciroma da yarima, masu ƙarewa da -ma, ɗafa-ƙeyar da mu mutanen Gure muka sani a cikin sarautar Muniyoma, mai ƙasar Muniyo. Abin lura a nan shi ne, ba sai mai karatu ya yarda da Greenberg domin girman sunansa ba. Hujjar tana shimfiɗe, kowa na iya ɗaukarta ya juya ta, kuma an juya ta ɗin: a 1965 Mervyn Hiskett ya sake duba tarihin kalmomin Larabci a Hausa, bai kuwa amince da duk abin da Greenberg ya faɗa game da lokaci da hanyar shigowarsu ba.

Kalmar boko kuwa labarinta dabam ne. Da za a auna zancen cewa daga book take da ma'auni irin na kasuwa, da tun farko ya faɗi. Wasalin da ke cikin wannan kalma ta Ingilishi ba ya komawa o a Hausa. Daga cook muka samu kuku, daga wool muka samu ulu, don haka da Hausa ta ari book, da buku za mu ji. Na biyu, Hausa tana da littafi tun kafin zuwan Turawa, kuma babu Bahaushen da ya taɓa nuna littafi ya ce a miƙo masa bokon can. Na uku, kalmar tsohuwa ce a harshen, da ma'anar abin da ba na gaske ba, ko algus, ko yaudara. Da ita ake cewa amaryar boko, wato wadda ake fitowa da ita a maimakon amaryar gaske, da ita kuma ake cewa biri-boko. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo waɗannan ma'anoni. Abin da ya faru shi ne, da Turawan mulkin mallaka suka kawo makarantunsu da haruffansu, mutanen da suka gaji karatun allo da rubutun ajami sai suka raɗa wa baƙon ilimin sunan da ke nuna ba su ɗauke shi na gaske ba. Wani masani Bahaushe, Liman Muhammad, ya nuna haka tun 1968, Paul Newman kuma ya sake tabbatar da shi dalla-dalla a 2013. Duk da haka, daga 2009 zuwa yau, tun da sunan nan ya shiga bakin duniya ta hanyar masifar da maƙwabtanmu na jahar Diffa suka fi mu sanin ɗacinta, jaridu da littattafai da dama sun yi ta maimaita zancen book, wannan na kwafa daga wancan.

Me ya sa kuskuren ya yi tsawon rai haka? Domin sautin ya yi kama, labarin kuma ya yi daɗin faɗa. Irin wannan daɗi ne ke raya zancen cewa sunan Hausa daga "hau sa" yake, ko sunan Bayajida daga "ba ya ji da". Kakanninmu sun riga sun gargaɗe mu cewa kama da wane ba ta wane. Mai nazarin asalin kalma ba ya gamsuwa da kamanni har sai ya ga sauyin sautin yana bin wata ƙa'ida da ke maimaituwa a wasu kalmomi, ya kuma ga ma'ana da tarihi sun goyi baya.

Ko manya ana tambayar su

Wani zai ce wannan ai kuskuren ƴan jarida ne, manyan masana ba sa faɗawa irinsa. Tarihin fanninmu bai nuna haka ba. A 1912 Carl Meinhof, wanda a zamaninsa babu kamarsa a nazarin harsunan Afirka, ya fitar da littafi a kan abin da ya kira harsunan Hamawa, ya zuba Hausa da Fulfulde da harshen Masai da na Nama a ƙwarya ɗaya. Wannan rabo ya cakuɗa hujjar harshe da ra'ayin launin fata da na kiwon shanu, amma ya yi shekaru ana karantar da shi, domin wanda ya faɗe shi babba ne. Sai daga 1949 Greenberg ya fara tambayar abin da ba a saba tambaya ba, ya ce a ajiye kamannin jiki da sana'a gefe, a kwatanta kalmomin asali da siffofin nahawu kawai. Da aka yi haka sai Fulfulde ta koma wurin danginta na gaske, Serer da Wolof, Hausa kuma ta zauna cikin iyalin Cadi tare da Bole da Ngizim da Bade da wasu harsuna sama da 100, a matsayin reshe ɗaya na babban dangin Afro-Asiya. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka ƙarfafa wannan da nuna daidaiton sautuka tsakanin harsunan Cadi.

Wannan bincike ne ya ba mu amsar wani zance da ake yawan ji a majalisu, wai Hausa daga Larabci ta fito. Dangantaka kam akwai ta. Ana ganin ta a alamar mace ta t, da wakilan suna irin su ka da ki da ku, da ɗafa-goshin ma- na mabuɗi da makaranta wanda ke da takwara a miftah da maktab, da kalmomi kamar mutu da suna. Sai dai dangantaka ce ta ƴan uwa masu kaka ɗaya tun zamani mai nisa ƙwarai, babu wanda ya haifi wani. Kalmomi irin su littafi da alƙali kuwa baƙi ne da suka zo daga baya, tare da addini da fatauci.

Shi ma Greenberg bai tsira daga tambaya ba. A 1963 ya haɗa Kanuri da Tubanci da Zabarmanci da wasu harsuna masu yawa na gabashin Afirka a dangi ɗaya da ya kira Nilo-Sahara. Kusancin Kanuri da Tubanci masana sun karɓe shi, amma babban dangin har yau ana ja-in-ja a kansa, musamman matsayin harsunan Songai. Robert Nicolaï, wanda ya koyar a jami'ar Yamai, ya shafe shekaru yana nuna cewa hujjar shigar da Songai cikin wannan dangi ba ta kai ƙarfin da ake zato ba. Mutum ɗaya ke nan, ya rushe kuskuren na gaba da shi, na bayansa kuma suka sa wa nasa ginin ido. Wannan bai rage masa daraja ba, domin da ma'aunin da ya koyar ake auna shi.

Haka abin yake ga zancen da ke sa wasu ɗalibanmu na Nijar jin kunyar bakinsu, wai Hausar Kano ce ta asali, sauran kuwa gurɓatattu ne. Gaskiya ne a kan Kananci aka gina daidaitacciyar Hausa, amma zaɓi ne da aka yi domin sauƙin rubutu da bugu. Tun wajen 1928 August Klingenheben ya gano ƙa'idar da ke mayar da wasu baƙaƙe u a ƙarshen gaɓa, wadda ta sa muke da talaka amma talauci. Bisa wannan ƙa'ida, zamna da sabka da abduga da ake ji a Sakkwato da Gobir da Adar su ne tsofaffin siffofi, zauna da sauka da auduga na Kano kuwa su ne suka sauya. Ɗalibin da bai koyi tambaya ba zai yi ta gyara bakin kakarsa, alhali ita ce ke riƙe da tsohuwar ajiya.

Gadonmu ne tun da

Akwai masu ganin wannan ɗabi'a ta bin diddigi kayan Turawa ce da ta zo da lakwal. Bari in fayyace cewa shakkar da nake magana a kanta ita ce wadda ake yi wa da'awar ɗan Adam game da harshe da tarihi da al'amuran duniya, kuma a wannan fage malamanmu na Musulunci sun riga kowa. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Hujurat, ya umurci muminai da su tantance labari kafin su yi aiki da shi. Malaman hadisi sun gina fanni sukutum a kan tambayar telan nan: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, kuma shin sun taɓa haɗuwa? A fannin nahawu, malaman Basra da na Kufa sun yi ƙarnoni suna musayar hujja, har Ibnul Anbari, wanda ya rasu a 1181, ya tattara mas'aloli 121 da suka saɓa a kansu a littafinsa Al-Insaf. Mas'alar farko ma ta asalin kalma ce, wato daga wane tushe kalmar ism ta fito. A mafi yawan mas'alolin ya goyi bayan Basra, amma sai ya shimfiɗa hujjar Kufa a gaban mai karatu kafin ya mayar da martani.

Misalin da ya fi kusa da mu ya faru ne a ƙasashen da Muniyo ke tsakaninsu. Bayan jihadin 1804 ya taɓa Barno, Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya rubuta wa shugabannin Sakkwato wasiƙu yana tuhumar hujjarsu ta yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana mai cewa aikata saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Tuhuma ce mai zafi, domin ta taɓa ginshiƙin da aka kafa daular a kai. Muhammadu Bello bai ɓoye ta ba. Ya shigar da wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, tare da amsoshin da aka mayar. Wannan musaya ba ta hana zubar da jini ba, kuma ba na nufin in ƙawata ta fiye da yadda take. Amma yau, bayan shekara fiye da 200, muna iya karanta hujjar Alkanemi mu auna ta da kanmu saboda abokin hamayyarsa ya ga ya dace a adana ta. Wannan ladabi ne da nake fata mu gada.

Abin da masu ja za su ce

Na san akwai ƙorafe-ƙorafe a kan wannan ra'ayi, kuma ba zai dace in yi kira ga muhawara sannan in kauce musu ba.

Na farko shi ne na tarbiyya. An rene mu a kan cewa yaro ba ya musu da babba, ɗalibi ba ya ɗaga murya gaban malaminsa. Wannan tarbiyya tana da daraja, ban kuwa ce a zubar da ita ba. Sai dai girmama mutum dabam, karɓar kowace maganarsa ba tare da awo ba dabam. Ana iya durƙusawa a gaida malam, sannan a ce: "Allah ya gafarta malam, wannan misali da aka kawo, a garinmu ba haka ake faɗarsa ba." Malamin kirki murna zai yi, domin an kawo masa abin da bai da shi. Hausawa da kansu suka ce matambayi ba ya ɓata.

Na biyu shi ne na haɗin kan ƙasa. Wasu za su ce yanzu da Hausa ta samu wannan matsayi, tono zancen abin da ta aro daga Kanuri, ko sauraron masu tambayar makomar sauran harsuna, buɗe ƙofar rarrabuwa ne. Ni da na tashi a Gure ina ganin akasin haka. A kasuwarmu Bamange da Bahaushe da Batube da Bafillace da Buzu ke ciniki, yaro yakan tashi da harshe biyu ko uku ba tare da ya san ya yi wani abin a zo a gani ba. Idan uba Bamange ya tambaya ko ɗansa zai fara karatu da harshen uwarsa ko da Hausa, tambaya ce ta halal, kuma tana da amsoshi da za a iya aunawa, tunda ƙasarmu ta fara gwajin koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram. Idan aka hana shi yin tambayar a fili, ba ta mutu ba, ta koma zuci ne, inda babu mai iya ba ta amsa. Kuma Bahaushen da ya san cewa karatu da rubutu da kasuwa ta Barno suka biyo kafin su iso gare shi, zai riƙe sabon matsayin harshensa da tawali'u, wanda shi ne abin da zai sa maƙwabta su karɓe shi da zuciya ɗaya.

Na uku shi ne mafi ƙarfi: shakka idan ta wuce gona da iri takan zama cuta. Mun ga haka a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jahohin arewacin Nijeriya bisa zargin an gurɓata maganin. Zargin bai faɗo daga sama ba, domin mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Amma kafin a koma rigakafin a 2004 cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yara da yawa suka nakasa. Darasin da na ɗauka shi ne, akwai shakkar mai nema, akwai ta mai taurin kai. Mai nema yana iya faɗa maka abin da zai gani ya sauya ra'ayi. Mai taurin kai kuwa duk hujjar da ka kawo sai ya mayar da ita wani sabon dalilin zargi, kuma sau da yawa za ka tarar ya ƙi yarda da likita amma ya yarda da saƙon da bai san wanda ya aiko shi ba. Irin wannan mutum bai cika shakka ba, ya zaɓi inda zai ajiye ta ne kawai. Maganinsa a buɗe muhawarar, a sa kowane ɓangare ya kawo abin da ya dogara da shi a gaban jama'a.

Daga fada zuwa aji

Fadojin matasa sun yaɗu a Damagaram da sauran garuruwan Nijar a shekarun 1990, bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ya saki harsunan mutane, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani kuma suka fara aiki. Har wata mai nazarin al'umma, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi a kansu a 2019. Ana yawan yi musu kallon wurin kashe lokaci, amma suna da wani abu da ajinmu ya rasa: a fada kowa na da bakin magana, kuma digiri ba ya kare mutum daga tambaya. Aibinsu shi ne, mai ƙarfin murya ke cin gardama, gobe kuma a sake ta daga farko kamar ba a taɓa yi ba, domin ba a ajiye hujja. Ajinmu yana da littattafai da hanyoyin awo, amma sau da yawa shiru ne, malam na faɗa muna rubutawa, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Abin da nake kira gare shi shi ne mu haɗa ƙarfin halin fada da ma'aunin aji.

Ina ba ƙungiyarmu ta ɗalibai shawarar ta kafa zaman muhawara sau ɗaya a wata, a ɗauki da'awa guda game da harshe, a raba ɗalibai gida biyu. Sharaɗin zaman ya kasance ba wanda zai soki ra'ayin abokinsa sai ya fara maimaita shi da bakinsa har mai ra'ayin ya ce haka nake nufi. Duk wanda ya kawo magana a tambaye shi inda ya samo ta, da abin da zai sa ya janye ta. Wanda kuma ya ce "na yi kuskure" a gaban jama'a a yaba masa, kada a yi masa dariya, domin inda amsa kuskure ya zama abin kunya, kowa zai mutu a kan bakansa. Wannan mujalla ma ya kamata ta keɓe shafi na dindindin domin raddi, yadda maƙalar da aka buga a fitowa ɗaya za ta iya samun mai ja da ita a ta gaba.

Sannan mu fita da tambayoyinmu zuwa gida. Abin da aka fara rubutawa game da harsunan yankinmu ya fito ne daga matafiya da waɗanda aka raba da ƙasarsu. Sigismund Koelle ya kawo jerin kalmomin Muniyo a littafinsa Polyglotta Africana na 1854, amma a Firitawun ta Saliyo ya tattara su, daga bakin bayin da aka ƴanta. Heinrich Barth ya ratsa Gure a watan Disamba na 1852, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya gana da Muniyoma Koso, ya wuce. Tare da shi akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda daga baya ya je Ingila, James Schön ya rubuta Hausa mai yawa daga bakinsa. Waɗannan ayyuka taska ce, amma kunnen baƙo ne ya ji, hannun baƙo ya rubuta, sau da yawa daga mutum ɗaya ko biyu. Mu da muka sha waɗannan harsuna a nono muna da damar da ba su samu ba, ta mu ɗauki abin da suka rubuta mu zauna da tsofaffin Gure da Kelle da Gidigir, mu ji inda ya dace da inda ya kauce. Sai dai mu tuna cewa zama ɗan gida ba ya mayar da zato hujja. Ni ɗan gida ne a daren da na ce boko daga book take.

Na koma wurin telan nan a ƙarshen hutu na gaya masa abin da na gano, na ce a kan kasuwa ina nan a kan bakana, ga kuma dalili, a kan boko kuwa na janye. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce zancen kasuwa ya shige shi, amma yana so ya ji ta bakin wani tsoho Bamange da ya sani kafin ya sa hannu. Ban ji haushi ba. Haka nake roƙon ƴan uwana ɗalibai su yi wa wannan maƙala: duk wanda ya ga inda na kauce, ya ɗauki alƙalami ya nuna mini, da hujjarsa, a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.